Shin Ko Kun San? Ɓarawon Da Ba Ya Haura Katanga

Shin ko kun san 'yar kyamarar tsaron nan da ake sarowa a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, a kawo Gwarzo a ɗaura a ƙofar shago, ita ma kwamfuta ce? Ƙwarai kuwa! Tana hawa intanet, tana da kalmar sirri. Da yawansu da "admin" ko "12345" suke fitowa daga kamfani. Mai shago ya ga hoton ƙofarsa ya fito tar a waya, ya sallami mai gyara, shi ke nan. Wa ya tuna da wata kalmar sirri?

To ku ji. A 2014 wani shafi mai suna Insecam ya baje hotunan kyamarori kimanin 73,000 kai tsaye, kowa ya kalla. Shaguna, falo, har ɗakin kwana! Ba a ɓalle komai ba. Masu su ne kawai ba su canja kalmar da suka zo da ita ba.

Kun taɓa jin sunan Mirai? Muguwar manhaja ce da wasu samari uku suka ƙirƙira a Amurka a 2016, tun asali don rigimar kuɗi a harkar wasan Minecraft. Kalmomin sirri kusan 60 kacal ta haddace. Da su take bin kyamarori da na'urorin wayfai ɗaya bayan ɗaya, har ta mallake dubu ɗaruruwa. Ran 21 ga Oktoba aka sako wannan runduna, Twitter da Netflix suka ɗauke wa miliyoyin mutane. Kyamarorin shago fa!

Kada ku ce can ne nesa. A ƙarshen 2016 ɗin wani Baturen Ingila, Daniel Kaye, ya juya irin wannan runduna kan kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, intanet ta riƙa ɗaukewa a ƙasar. Kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32 a Janairun 2019.

Ga wata ta ban dariya. An taɓa kutsawa wani gidan caca a Arewacin Amurka ta tankin kifin ado. I, tankin kifi! Na'urar da ke auna ɗumin ruwan tana haɗe da intanet, ta nan aka zurare bayanai har gigabait 10 zuwa ƙasar Finland.

'Yar tsana ma ba a bar ta ba. A 2017 hukumomin Jamus suka haramta wata mai magana, sunanta Cayla, suka ce iyaye su lalata ta, don wanda ke kusa da gida zai iya sauraren yara ta cikinta.

Akwai kuma na'urar da tun a kwali take zuwa da cutarta. A Yunin 2025 hukumar FBI ta yi kashedi kan BADBOX 2.0, wadda ake samu a akwatunan talabijin masu Android na araha. Google ya ce sun haura miliyan 10. Araha ba ta ado, ashe wani lokacin ma ba ta tsaro.

Mu dawo gida. Wuta ta ɗauke, ka miƙa wa mai caji wayarka, ya manna mata lamba, ka wuce kasuwar Getso. Ko ka san kebul ɗin da ke kai wuta shi ne dai ke ɗaukar hotuna da saƙonni? A farkon 2022 hukumar sadarwa ta NCC ta ja kunnen jama'a kan wuraren caji na haya. Akasarin masu cajinmu neman halal suke, ba shakka. Amma kashe wayar kafin ka miƙa ba ya cin ko kwabo.

Shin kun san ɓarawon waya na yanzu sau da yawa layin yake so? Ya zare shi, ya sa a 'yar rakani-kashi, ya danna lambobin banki, kafin ka isa gida an yashe asusu. Alhali layin yana da makullinsa na lamba 4. A yi kuskure sau 3, ya rufe ruf!

Lamba 6 kuwa ita ce ran WhatsApp ɗinka. "Malam, za mu sa ka a taron guruf, karanto mana lambar da ta shigo." Ka karanta, ka fita. Kafin la'asar ana roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka.

Murya da fuska ma yanzu ana ƙera su. A 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga manyansa, ya ji muryarsu, ya tura dala miliyan 25. Duk cikinsu babu mutum na gaske ko ɗaya!

 

Ita kuwa Ingila ta gaji da lallashi. Tun 29 ga Afrilun 2024 doka ta hana kamfani ya fito da na'ura mai hawa intanet da kalmar sirri irin "admin" ko "12345". Tarar da ke kan wanda ya saɓa za ta iya kai fam miliyan 10!