Masaƙa Kan Rushe, Zane Kan Tsaya Shaida

Duk mai zanen da ya fuskanci masana'anta sai ya yanke hukunci kan abu biyu: inda zai ajiye ma'aikaci, da yadda zai nuna ruwa da sararin sama. A shekarar 1930 mutum biyu sun yanke wannan hukunci, kowa ta fuskarsa.

Na farko shi ne L.S. Lowry na Ingila, wanda ya shekara 42 yana karɓar kuɗin haya gida-gida a Mancesta, saboda haka ya san ma'aikatan masaƙun auduga ciki da bai. A zanensa na tashi daga aiki, gine-gine da bututun hayaƙi sun mamaye fage, mutane kuwa ga su nan sirara, kai a sunkuye. Sama ta yi fari dusu-dusu, babu rana, babu inuwa. A wani zanen na 1937 ma, gurɓataccen ruwa ne kwance a gaban masana'antu, kwale-kwale sun nutse a ciki.

Na biyu shi ne Charles Sheeler na Amurka, wanda aka ɗauka a 1927 ya yi hotunan masana'antar motocin Ford da ke kusa da Ditiroit. A zanen da ya fitar bayan shekara uku, ruwa ya kwanta luf, hayaƙi ya saje da gajimare. Dubun-dubatar mutane ke aiki a wurin, amma mutum ɗaya tak ya zana, ɗan mitsitsi a kan layin dogo. Shi inji ya ɗaukaka. Lowry kuwa abin da injin ya ci ya nuna.

Mai karatu, zancen ya shafe mu. A Mancesta aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, wadda ta riƙa kwasar audugar ƙasar Zazzau zuwa masaƙun Ingila. Galibin masaƙun sun mutu, amma tun 2000 zanen Lowry na da gidansa a Salfod, jikokin ma'aikatan na zuwa kallo.

Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Ya kamata ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello su shiga Kakuri da fensir tun gine-ginen na tsaye, su zana tsofaffin ma'aikatan da kogin da ya sha ruwan rini. In ba haka ba, da me za mu kafa hujja gobe?