Man Girki Na Tsimawa Da Gardamar Man Ƙwayoyin Tsirrai

A zancen girki, kalmar "mai" ba ta cika tsayawa ita kaɗai ba. Akan liƙa mata sunan abin da aka samo ta daga gare shi, watau man gyaɗa, man riɗi, man kaɗe, man angurya, man shanu. Wannan ƙa'ida ta daɗe tana isar Bahaushe, gama kowane mai da ya sani daga tsiro ya ke ko daga dabba. Amma ga shi an sami wani mai a Amurka wanda ba a matso shi daga ƙwaya ba, ba a kuwa kaɗo shi daga nono ba, kuma masu sayar da shi sun jingina cinikinsu a kan zargin cewa man da a ke tatsa daga ƙwayoyin tsirrai yana cutar da jiki. Malamin da zai yi bayanin al'amarin da Hausa yana bukatar ya san yadda a ke yin man, da iyakar gaskiyar zargin, da sunan da ya dace da shi.

Yadda A Ke Yinsa

Asalin aikin ba baƙo ba ne ga wanda ya ga yadda kalwa ta ke zama daddawa, ko madara ta zama kindirmo. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani su ke cin abin da aka ba su, su juya shi wani abu dabam. A cikinsu akwai irin yisti da hunhuna da gansakuka waɗanda, in aka ƙosar da su da sukari aka kuma rage musu naitirojin, sai su daina hayayyafa, su shiga tara kitse a cikinsu, har wani lokaci kitsen ya fi rabin nauyinsu in sun bushe. Akan yi kiwonsu 'yan kwanaki cikin manyan tankunan ƙarfe, sa'an nan a tsane su, a matse, a tace man.

Jamusawa sun gwada wannan dabara a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da kitse ya yi musu wuya. A 1985 aka fara sayar da irin wannan mai a Ingila, daga wata masana'anta a garin Selby, amma don magani, kuma aikin ya tsaya a 1990. A 2015 kamfanin Solazyme na Kalifoniya ya fito da man girki na gansakuka mai suna Thrive, bayan shekara biyu kuwa kamfanin ya karye. A 2022 Zero Acre Farms, shi ma na Kalifoniya, ya tara jarin dala miliyan 37, ya fito da Cultured Oil daga sukarin rake. Tarihin ya nuna cewa tsada ita ce babbar cikas, domin sai an noma sukarin, an saye shi, kafin halittun su mai da kaɗan daga cikinsa mai.

Tushen Gardamar

Masana sun kasa kitse uku bisa ga ƙirarsa. Akwai ƙosasshe, wanda ya kan daskare, kamar na man shanu da kitsen nama. Wajen rabin manja ma shi ne. Akwai mai gurbi ɗaya, wanda ya fi yawa a man zaitun. Akwai kuma mai gurbi da yawa, babbansa shi ne linoleyik, wanda ya kai wajen rabin man waken suya da na masara da na angurya, ya kuma kai kusan kashi ɗaya cikin uku na man gyaɗa. A kan linoleyik ɗin nan gardamar ta ke. Zero Acre Farms ya yi tallar cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na mansa mai gurbi ɗaya ne, linoleyik kuwa bai kai kashi 3 ba.

Masu zargi suna da hujja uku. Ta fari, cin wannan mai ya ƙaru ƙwarai a Amurka tun daga 1911, shekarar da Procter & Gamble ya fito da Crisco daga man angurya, kuma tsakanin 1909 da 1999 cin man waken suya ya riɓanya fiye da sau dubu, ƙiba da ciwon sukari su ma suka yawaita. Ta biyu, jiki yana iya juya linoleyik zuwa wani sinadari mai hannu a kumburin cikin jiki. Ta uku, akwai gwaji biyu da aka sake duba takardunsu: na Sidni a Ostareliya, daga 1966 zuwa 1973, a kan maza 458, inda waɗanda aka ba wannan mai suka fi mutuwa, da na Minesota, daga 1968 zuwa 1973, a kan mutum fiye da 9,000, inda kitsen jini ya ragu amma mutuwa ba ta ragu ba. Zargin ya ƙara ƙarfi da Robert F. Kennedy ƙarami ya ɗauke shi, shi ne kuwa ya zama sakataren lafiya na Amurka a 2025.

Abin Da Bincike Ya Nuna

Hujja ta fari ba ta tabbatar da sanadi ba, gama a shekarun nan sukari da abincin kanti da zaman wuri ɗaya duk sun ƙaru tare. Game da ta biyu, ɗan kaɗan ne daga linoleyik jiki ya ke juyawa, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ba su nuna alamun kumburi sun hau ba. Tun 1929 da 1930 George Burr da matarsa Mildred suka nuna cewa jiki ba ya iya yin linoleyik da kansa, tilas ya same shi a abinci. Gwaje-gwajen nan biyu kuwa suna da rauni: a Minesota yawancin mutanen ba su cika shekara a kan abincin ba, a Sidni kuma ana kyautata zaton bota ta kanti da aka ba su tana ɗauke da kitsen da aka daskarar da haidirojin. A 2017 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta auna manyan gwaje-gwaje, ta ce maye ƙosasshen kitse da man tsirrai mai gurbi da yawa yana rage ciwon zuciya da wajen kashi 30 cikin ɗari.

Duk da haka akwai gaskiya biyu a cikin zargin. Kitsen da aka daskarar da haidirojin lalle yana cutar da zuciya. Amurka ta hana shi daga 2018, Nijeriya kuma ta ƙayyade shi a 2023. Na biyu, mai gurbi da yawa ba ya jure wuta. In aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi ya yi kauri, ya kan lalace ya fid da abubuwa masu illa. Nan ne man tsimawa ya ke da fifiko na gaske, don ya fi daɗewa a kasko. Fifikon kasko dabam ya ke da fifikon tsawon rai, wanda sai gwajin shekaru masu yawa ya ke tabbatarwa, man kuwa ɗan jiya ne.

Batun Suna

"Tsimammen mai" bai dace ba, domin sukarin a ke tsimawa, man kuwa sakamako ne. "Man tsimi" zai kai hankalin mai ji ga jiƙon magani. Tsohuwar ƙa'ida ta fi sauƙi: saniya ta ci ciyawa ta ba da man shanu, yisti ya ci sukari ya ba da man yisti, haka kuma man gansakuka. Wajen ɗaya ɓangaren, "man iri" yana da harshen damo, sai a ce "man ƙwayoyin tsirrai". Ya kamata kuma malami ya lura cewa a kasuwa "man gyaɗa" ya faɗaɗa, har ana kiran kowane farin mai da shi, ko da babu gyaɗa a ciki, na ainihi kuwa a ce da shi man ƙuli. Ɗalibin da bai rarrabe waɗannan ba zai iya kai wa gidansu labarin cewa man da su ke iya saye guba ne, alhali abin da bincike ya goyi baya shi ne a daidaita yawan mai, a rage ƙosasshen kitse, a kuma zubar da man da ya ƙone a kasko.