Maga, Birnin Yauri Da Maganar Gafara

Da asubahin ranar Litinin, 17 ga watan Nuwamba, 2025, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, cikin Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu a nan ƙasar Zuru. Suka harbe mataimakin shugaban makarantar har lahira, suka kwashi 'yan mata 25 suka yi daji da su. Ɗaya ta kuɓuce, sauran 24 kuwa aka sako su ran 25 ga watan. Kwana huɗu bayan na Maga, aka shiga makarantar St. Mary ta ikkilisiyar Katolika a Papiri, Jihar Neja, aka tafi da yara da malamai fiye da 250, waɗansunsu ba su dawo ba sai dab da Kirsimeti. Kafin waɗannan duka akwai na Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, ran 17 ga Yuni, 2021, inda 'yan matan ƙarshe ba su ga iyayensu ba sai a 2023, waɗansu ma da goyo a bayansu.

Tun daga lokacin akwai tambayar da ke yawo cikin ikkilisiyoyinmu, a ajin baftisma, a taron zumuntar mata, a bakin majami'a bayan an tashi sujada. Ana cewa, to, waɗannan ma a gafarta masu? Masu wa'azi da dama in sun zo nan sukan ɗauko labarin waɗansu Krista na ƙasar Amurka da ake kira Amish. Labarin gaskiya ne, amma sau da yawa rabinsa ake ba mu, rabin da aka bari kuwa shi ne ya fi shafarmu.

Amish manoma ne, yawansu ya kai wajen dubu 400. Ba su jawo wutar lantarki gidajensu, ba su tuƙa mota, sai keken doki. Yaransu kan yi shekara takwas a makaranta, sa'an nan su koma gona ko sana'a. Ba su shiga soja, ba su kai ƙara kotu don kansu, ba su rama duka. Ran 2 ga Oktoba, 2006, a wani ƙauye mai suna Nickel Mines cikin Jihar Fensilbaniya, wani direban motar madara mai suna Charles Roberts, ɗan shekara 32, ya shiga makarantarsu mai aji ɗaya tak da bindigogi. Shi ba Amish ba ne, amma maƙwabcinsu ne, yakan zo ɗaukar madara a gonakinsu. Ya kori yara maza da manya waje, ya ɗaure 'yan mata goma masu shekara 6 zuwa 13, ya harbe su. Biyar suka mutu, shi kuma ya harbe kansa. A takardun da ya bari ya ce yana fushi da Allah ne saboda jaririyarsa da ta rasu a 1997. Waɗanda suka tsira sun ba da shaida cewa wata mai shekara 13 ta roƙe shi ya fara da ita, ko ya ƙyale ƙananan.

Abin da ya girgiza duniya ya faru ne kafin ma a binne yaran. A ranar nan waɗansu daga cikin Amish suka je gidan iyayen mai kisan, suka kuma je wa dangin matarsa, suka ce ba su riƙe su da komi a zuciya ba. Ranar jana'izarsa Amish wajen 30 suka halarta, har da waɗanda suka binne 'ya'yansu kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Mutane daga ko'ina suka aiko da gudummawa da ta wuce dala miliyan 4, kwamitin da ke riƙon kuɗin ya ware wani kaso ya ba gwauruwar mai kisan da 'ya'yanta uku. Bayan kwana goma suka rushe makarantar, suka mai da wurin makiyaya, suka gina sabuwa a kusa, aka buɗe ta a watan Afrilu 2007.

Mai karatu na iya cewa, ai waɗannan Turawa ne na nesa, ina ruwanmu da su? Akwai dangantaka, ta kusa ma kuwa. A shekara ta 1525 a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan waɗansu masu bi suka ce baftisma ta wanda ya ba da gaskiya da bakinsa ce, kuma mai bin Yesu ba shi da rabo da takobi. Aka tsananta masu ƙwarai, aka nutsar da waɗansu a kogi, aka ƙone waɗansu. Daga cikinsu aka sami Menonayit, daga Menonayit kuma Amish suka ware a 1693 a ƙarƙashin Jakob Ammann. Wani reshe na Menonayit ɗin nan a Amurka da Kanada shi ne ya aiko A. W. Banfield, wanda ya buɗe tashar mishan a Tsonga cikin ƙasar Nufe a 1905, ya kuma juya Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci. Mishan ɗin, wanda aka sani da UMS, shi ya iso Salka, ya iso Zuru wajen 1925 ta hannun su Paul Ummel da ɗan'uwansa Joseph, daga baya ya kafa asibiti da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tungan Magajiya. Ikkilisiyar UMCA ke nan. Wato bishara ta fara shigowa ƙasar Dakarkari ne ta hannun jikokin mutanen da suka ƙi takobi. Abin mamaki kuwa, ta sauka a ƙasar da babu kamarta wajen ba Nijeriya sojoji. Da wuya ka sami gida a Zuru, ko Dabai, ko Ribah, da ba shi da soja ko tsohon soja, kuma ɗan ƙasar nan, Janar Ishaya Bamaiyi, ya riƙe shugabancin sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Koyarwar ƙin ɗaukar makami ba ta yi saiwa a nan ba, ko a can gida ma ikkilisiyar da ta aiko su ta yi sako-sako da ita.

To, daga ina Amish suka sami wannan saurin gafara? 'Yan jarida sun ɗauka wani babban shugaba ne ya ba su umurni. Babu wanda ya umurce su. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron Amish yakan ji Addu'ar Ubangiji safe da yamma tun yana ƙarami, kuma an koya masa ya ɗauki maganar yafe bashi da ke cikinta da gaske, cewa wanda ya ƙi yafewa yana jefa tasa gafarar cikin hatsari. Sau biyu kawai suke cin Jibin Ubangiji a shekara, amma mako biyu kafin nan sukan yi taro a karanta Matiyu sura 18, inda akwai misalin bawan nan da aka yafe masa bashi mai yawa shi kuwa ya shaƙe abokinsa a kan ɗan kaɗan. A taron kowa zai faɗa ko yana zaman salama da 'yan'uwa. In akwai sauran rigima, a ɗaga Jibin har sai an shirya. Yaran suna kuma girma da labarin kakanninsu, kamar Dirk Willems na ƙasar Holan, wanda a 1569 ya tsere daga kurkuku, mai binsa ya faɗa cikin ruwan ƙanƙara, shi kuwa ya juyo ya tsamo shi. Aka sāke kama shi, aka ƙone shi da rai. Mu fa? A ikkilisiyoyinmu akwai dattawa biyu da za su yi shekara biyar ba su gaisa saboda iyakar gona, su kuma durƙusa a layi ɗaya su karɓi Jibi. Wanda bai iya yafe kunyar dawa ɗaya ba, kada a yi mamaki in ranar jini ta zo ya rasa ta inda zai fara.

Yanzu ga rabin da ba a cika faɗa ba. Amish sun rarrabe tsakanin gafartawa da ɗauke hukunci. Da masu bincike suka tambaye su daga baya, sun nuna cewa da Roberts ya rayu za su gafarta masa, amma ba za su nemi a hana hukuma ta tsare shi ba, gama sauran yara na bukatar kāriya. Ba su kuma ce zafin ya wuce a rana ɗaya ba. Sun yi kuka, sun karɓi taimakon masu ba da shawara daga waje, iyaye da yawa sun ce kowace safiya sai sun sāke yafewa daga farko. Kuma ba mala'iku ba ne. An sha zarginsu cewa a cikin nasu gidajen akan matsa wa yaran da aka ci zarafinsu su yafe, a rufe magana, mai laifin ya ci gaba da yawo. Wannan cin amanar marar ƙarfi ne da sunan Allah, kuma mu ma mun san irinsa.

Halinmu ya bambanta da nasu ta wata hanya mai nauyi. Mai kisan Nickel Mines mutum ɗaya ne, an san sunansa, kuma kafin azahar ya mutu. Namu suna nan da rai a daji, suna da babura da waya, suna iya dawowa gobe. Iyayen Birnin Yauri sun yi kusan shekara biyu suna neman kuɗi suna roƙon mutanen da suka riƙe 'ya'yansu. A Maga Gwamna Nasir Idris da kansa ya fito yana tambaya wa ya ba da umurnin janye sojojin da ke gadin makarantar jim kaɗan kafin harin. Mai wa'azin da zai tsaya gaban irin waɗannan iyaye ya ce su yafe su manta, bai yi masu adalci ba. Romawa sura 12 ta hana mai bi ramuwa, sura 13 kuma ta ɗora wa hukuma nauyin hukunta mai mugunta. Manzo Bulus ya jera su kusa da juna, bai kamata mu karanta ɗaya mu rufe ɗayar ba. A ganina uban da ya ce ya yafe, ya kuma ci gaba da tambayar hukuma wa aka kama, bai saɓa wa bangaskiyarsa ba ko kaɗan. Haka nan ba zan ce wa ɗan'uwa soja ya ajiye bindiga ba. Da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, ƙwace da zalunci ya hana su, bai kore su daga aiki ba. A nan ni da Amish mun rabu, ko da yake ina girmama mutanen da suka riƙe nasu ra'ayi shekara 500 suka kuma biya da jininsu.

Akwai kalmar da muke yawan ji, wato “mun bar wa Allah.” Ita ce iyayen Deborah Samuel suka faɗa bayan an kashe ta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato ran 12 ga Mayu, 2022, aka kawo gawarta Tungan Magajiya. Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan. An kama mutum biyu, aka tuhume su da tada hankalin jama'a, daga baya kotu ta sallame su don masu gabatar da ƙara ba su bi shari'ar ba. Ba wanda ya isa ya auna zuciyar iyayen nan, Allah kaɗai ya san abin da suka ɗauka. Amma mu da ke gefe ya kamata mu lura, talaka yakan bar wa Allah don bangaskiya, yakan kuma bar wa Allah don ya san ba shi da kuɗin lauya kuma yana tsoron abin da zai biyo baya. Ikkilisiyar da ta tafa wa na biyun kamar shi ne na farkon, ta sauke wa kanta nauyi ne kawai.

Inda labarin Amish ya kama mu sosai shi ne maganar dangin mai laifi. Ba su iya yi wa Roberts komi ba, ya riga ya mutu. Abin da suka yi, ga matarsa da iyayensa suka yi shi, mutanen da ba su kashe kowa ba amma suna tsoron fita ƙofar gida. A nan ƙasarmu su wa ke wannan matsayi? Bafulatanar da ke kawo nono kasuwa, wadda watakila an kwashe shanun mijinta tun kafin a taɓa namu. Matar wanda aka kama yana kai wa 'yan bindiga rahoto. Jaririn da yarinya ta dawo da shi daga daji, wanda mata ke nunawa da baki. A watan Maris 2022 an kashe 'yan sa kai fiye da 60 na masarautar Zuru a kwanton ɓauna ɗaya, kowa ya san fushin da ya biyo baya, kuma fushi irin wannan ba ya tambayar wane ne mai laifi, kama da harshe kawai yake dubawa. Ramuwar gayya kuwa ita ce ke ƙara wa daji mayaƙa. Sa'an nan mu tuna cewa malamin da aka kashe a Maga Musulmi ne. A gidajen ƙasar Zuru da yawa wa na zuwa masallaci, ƙane na zuwa majami'a, dukansu su haɗu a Uhola. Makokin Maga namu ne duka.

Uwar Roberts da fari ta yi niyyar barin garin don kunya, Amish suka roƙe ta ta zauna. Cikin yaran da suka tsira akwai wata 'yar shekara 6 da harsashi ya lalata mata ƙwaƙwalwa, ba ta tafiya, ba ta magana, ba ta iya cin abinci da kanta. Matar nan ta nemi izinin iyayen, suka yarda. Shekara da shekaru kowane mako takan je gidan, ta yi wa yarinyar wanka, ta gyara mata gashi, ta karanta mata, ta yi mata waƙa, har ciwon daji ya ci ƙarfinta ta rasu a 2017. Yarinyar ta rayu har watan Satumba 2024, ta rasu tana da shekara 23.