Gulbi Ɗaya, Ƙasa Biyu: Ruwan Madarunfa da Lafiyar Jama'arta

Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake ce masa Gada. Yana ratsa Jibiya, ya shigo Nijar ta gundumar Madarunfa, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Duk abin da aka yi masa a sama, na ƙasa ne ke girba, alheri ko akasinsa.

Mutanen Madarunfa sun ga haka ƙuru-ƙuru a daminar 2018. A farkon watan Yuli aka kwantar da mutum uku da suka fito daga Jibiya a likitar N'Yalwa, suna amai da gudawa. Kwalara ce. Zuwa farkon Oktoba, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum sama da 3,600 sun kamu a Nijar, 68 sun rasu, kuma gundumar Madarunfa ce ta fi kowace jin jiki. Abu ne mai sauƙi a ce baƙi suka kawo ta, amma wannan rabin magana ne. Ƙwayar kwalara ba ta yaɗuwa sai ta sami hanya: garin da ba salga, mutane na zagayawa bayan gari, ruwan sama ya kwashi ƙazanta ya zuba a rijiyar da ba ta da baki ko marfi. A fadama kuwa ruwan ƙasa kusa yake, salgar da aka gina dab da rijiya ma haɗari ce. Inda za a haƙa rijiya da inda za a zubar da shara, aikin magajin gari ne da masu unguwa, ba na malamin asibiti ba, alhali nan ne cutar ke farawa.

Sai tafkin Madarunfa, wanda gulbin Gabi ke shayarwa. Masunta na cin abinci a kansa, makiyaya na shayar da dabbobi, masu lambu na ban ruwa, tsuntsaye na sauka daga nesa. A gefensa akwai kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara, kuma a 2019 aka sa shi cikin wuraren dausayi masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Sunan ya yi kyau a takarda, amma bai hana rairayi cike tafkin ba. In aka sare itatuwa a dajin Baban Rafi da tuddan da ke kewaye, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsayar da shi, sai ya kwashi ƙasa ya jibge a tafki. Tafki ya yi ƙasa, kifi ya ragu, naman miyar talaka ya tafi, a yankin da dama tamowa ke kai yara asibiti kowace damina. Ruwan da ya kwanta a kududdufai kuwa gidan sauro ne, kuma dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya a irinsa yake zama. Shi ya sa sassaben zamani, wato barin tohon itace ya tashi a gona, wanda ya kafu a jihar Maradi tun shekarun 1980, nake ƙirga shi cikin aikin lafiya.

Tun da aka gina dam ɗin Jibiya a kan gulbin Maradi wajajen 1990, yawan ruwan da ke gangarowa da lokacin zuwansa sun rataya ga hannun da ke buɗe ƙofar dam. A shekarar 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa, har da wannan gulbi, kuma akwai hukumar haɗin gwiwarsu tun 1971. To, amma manomin zogale a Jiratawa ba takarda yake so ba, so yake a gaya masa ranar da za a saki ruwa. Haka malamin likitar N'Yalwa yake bukatar takwaransa na Jibiya ya buga masa waya ranar da aka ga mai amai da gudawa na farko, tun kafin ranar kasuwa ta zagayo.