Yadi takwas, asu da firiza: abubuwan mamaki game da ajiyar kilti

Idan mutumin Sikotilan ya tara kilti 30 a gidansa, sandar wadirob ce za ta fara jin jiki. Kilti na gargajiya, wato zanen ulun nan mai ninki-ninki da mazan ƙasar ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa, yana cin yadi 8, nauyinsa kuwa ya doshi kilo 2. Guda 30 ke nan sun fi buhun siminti nauyi. Shi ya sa masu tarawa ke kafa sandar ƙarfe, kuma kowane kilti da hangarsa mai maƙalai da yawa, don kada ƙugun ya lanƙwashe.

Ina yadi 8 ke shigewa a jikin mutum ɗaya? A baya. Gaban kilti shimfiɗe yake, ɓari ɗaya a kan ɗaya, amma bayan yana ɗauke da ninki wajen 25 zuwa 30. Tela yana ɗinke samansu da hannu daga ƙugu zuwa kwatangwalo, ya yanke rarar yadin ta ciki don kada ta yi tudu. Ƙasan kuma ba a kalmashe shi, bakin saƙar ake bari yadda ya fito daga masaƙa. Idan wurin ya lalace, babu abin da za a warware a gyara da shi.

Sabon kilti yakan zo daga hannun tela da layukan farin zare a gicciye a bayansa. Ɗinkin wucin gadi ne da ke riƙe ninkin a hanya, ana zare shi kafin a sa. Masu kula sosai sukan mayar da wannan zaren duk lokacin da za su kai kilti wurin masu wankin da ba na ruwa ba, don kada a goge ninki a karkace.

Wanki kuwa, ƙarancinsa ya fi alheri. Ruwan zafi da cuɗawa suna sa ulu ya cure ya ƙanƙance, kuma ba ya komawa yadda yake. Bayan biki, ana rataye shi ne a inuwa ya sha iska, a bi shi da buroshi mai laushi, a goge tabo da ƙyalle mai ɗan danshi. Wajen guga ma ba a jan dutse. Ana shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kan ninkin, a danna, a ɗaga, a matsa gaba.

Wanda ba shi da wurin ratayewa yana naɗe kilti kamar tabarma, yana bin tsawon ninkin, sannan ya zura shi cikin doguwar safar mata ta nailan. Dabarar ta daɗe a hannun matafiya da masu busa algaitar Sikotilan, kuma tana aiki.

Babban abokin gaba shi ne asu, kuma a nan ne na ga mutane sun fi yin sakaci. Ɗan malam-buɗe-littafin da ake gani yana tashi ba ya cin komai. Tsutsar da ke fitowa daga ƙwansa ce ke cin ulu, gashi da fata. Ta fi son duhu, wurin da ba a motsawa, da yadin da gumi ko ɗigon miya ya bushe a jikinsa. Duba cikin ninkin kilti: lungu ne mai zurfin yatsa, haske ba ya shiga, ƙura na taruwa. Saboda haka wanda ake sawa kullum yakan tsira, wanda aka ɓoye don tsadarsa shi ake tarar da shi da huji. Mai kilti 30 dole ya ware rana lokaci-lokaci, ya fito da su ɗai-ɗai, ya buɗe kowane ninki da yatsa yana neman farin yana-yana ko ɗan gari mai kama da yashi. Itacen sida da kafur suna taimakawa, amma ƙamshinsu yana gushewa.

Maganin da gidajen tarihi suka amince da shi firiza ce. Ana ɗaure kayan cikin leda, a bar shi a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har mako 2, ƙwai da tsutsa duk su mutu. Duk kiltin gwanjo ya kamata ya bi ta nan kafin ya haɗu da sauran. Amma leda ta firiza ce kaɗai. A wadirob tana tara danshi, fumfuna ta kama, don haka jakar auduga ake so.

Tsohon tatan kuwa, wato yadin kilti mai layukan da suka gicciye juna, ba a akwati ya tsira ba. Wanda aka tono a kwarin Glen Affric, da bincike ya nuna an saƙa shi tsakanin 1500 da 1600, cikin taɓon fadama ya kwanta, inda rashin iska ya hana shi ruɓewa. An baje kolinsa a birnin Dandi a 2023. Wani ƙyallen da ya girme shi, na ƙarni na 3, an same shi a Falkirk an toshe bakin tukunyar kuɗin Rumawa da shi.

Akwai lokacin da sa kilti laifi ne. Dokar 1746, bayan yaƙin Kuloden, ta haramta shi ga maza a Sikotilan ban da sojojin sarkin Birtaniya: karon farko ɗaurin wata 6, na biyu kora zuwa ƙetare shekara 7. An soke ta a 1782, kuma a 1822 Sarki Joji na Huɗu da kansa ya ɗaura kilti a Edinbara.

Tun 2009 akwai rajistar tatan ta hukuma mai dubban zane, shi ya sa mai tarawa ke liƙa wa kowace hanga suna. Guda ɗaya dai ba zai samu ba: tatan ɗin Balmoral, na gidan sarautar Birtaniya ne da mabushin sarki.

Allurar adon da ake sokawa a gaban kilti kuwa ɓari ɗaya kawai take riƙewa, aikinta ƙara nauyi don iska. Da yawa sukan ba kowane kilti tasa su bar ta a wurin, gudun yawan huji. Maɗaurin fata na ƙugu kuma yana son a shafa masa mai kada ya tsage. Idan mai kilti ya yi teɓa, ko ɗa ya gaji na ubansa, tela yana matsar da maɗaurin ya ƙara inci 1 ko 2.