Ƙudan Tsando Bai Ƙare Ba, Mazauni Ya Sauya

Ƙudan tsando ba ya zuba ƙwai ɗari-ɗari kamar sauro. Macen tana riƙe tsutsa guda ɗaya tak a cikinta, tana ciyar da ita da wani ruwa mai kama da nono, sai ta ƙosa sannan ta sauke ta a ƙasa mai laushi a ƙarƙashin inuwa. Nan da nan tsutsar ta nutse cikin ƙasa, ta yi ɓawo mai tauri, ta kwanta kamar wata guda kafin ta fito da fukafukai. Kusan kwana goma ke tsakanin haihuwa da haihuwa, don haka da wuya mace ɗaya ta bar 'ya'ya fiye da goma a duk rayuwarta. Halittar da ke hayayyafa a hankali haka ba ta jure asara: inuwa ta ragu, ko ƙasa ta yi zafi, ko dabbar da take shan jininta ta ɓace, sai yawanta ya rushe. Wannan ne ya sa wasu ke ganin sarar daji da ɗumamar yanayi za su gama mana da ƙudan da ke yaɗa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, ba tare da an kashe ko kwabo ba. A ganina wannan fata ba ta da tushe. Sauyin muhalli yana korar tsando daga wani wuri ne ya buɗe masa wani, yana kashe wani jinsi ya bar wanda ya fi iya zama kusa da mutum.

Hujja mafi ƙarfi da masu wannan fata ke da ita ta fito ne daga kwarin Zambezi a Zimbabuwe. A tashar bincike ta Rekomitjie, cikin gandun dajin Mana Pools, an daɗe ana ƙirga ƙudajen da ke sauka kan bijimin sa idan an tsayar da shi a daji. A 1990 akan kama fiye da 50 a zama ɗaya. Zuwa 2017 sai a yi zama goma ba a cika samun ko ɗaya ba. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa daga 1975 zafin wurin ya ƙaru da kusan digiri ɗaya, a watan Nuwamba kuwa, wanda ya fi kowane wata zafi a can, da kusan digiri biyu. Abin da ya ba wannan shaida nauyi shi ne gandun daji ne da ba a noma, namun dajin suna nan, itatuwan suna nan, saboda haka da wuya a ɗora laifin kan wani abu ban da zafi. Sai dai masu binciken da kansu sun ja hankali ga ɗaya ɓangaren: tuddan da a da sanyinsu ke hana tsutsar ƙosawa a cikin ƙasa suna iya zama daidai da ita yanzu, kuma a irin waɗannan tuddai ne jama'a da garkuna suka fi yawa, domin tun asali guje wa tsando na cikin abin da ya tara su a can.

A arewacin Nijeriya ba zafi ne ya fara korar ƙudan ba, gatari ne da fartanya. Jinsin da ke zaune a sararin daji ya dogara da jinin namun daji irin su gadu da ɓauna, to da jama'a suka ƙaru, gonaki suka cinye daji, farauta ta ƙarar da namun, ga feshin magani da aka yi ta yi daga shekarun 1950 zuwa 1970, sai ya ja da baya har ya zama ba a cika samunsa ba sai a wurare irin su gandun dajin Yankari. Amma tsando ba iri ɗaya ba ne. Akwai na bakin rafi, wanda ɗan siririn kurmi ya ishe shi, kuma ba ya zaɓen abinci: ya sha jinin guza, ya sha na kada, na alade, na saniya, na mutum. A nan lissafin masu fata ya karye, domin haɗarin ciwon bai tsaya ga yawan ƙudan ba, ya fi dogara ga yawan haɗuwarsa da mutum. Da rani, idan rafi ya yanke ya bar 'yan kududdufai, ƙudan yakan tattaru a inuwar da ta rage a bakinsu, nan kuma ne mata ke wanki da ɗiban ruwa, yara ke wanka, makiyayi ke shayar da garke. Ƙudaje kaɗan da ke cizon mutanen ƙauye ɗaya kullum sun fi dubbai da ke cikin dajin da ba kowa haɗari. Irin wannan yanayi ne ya rura annobar ciwon barci a ƙasar Zazzau a shekarun 1930, har aka kafa shirin Anchau, aka sassare kurmin rafuka, aka gina sabon garin Takalafiya. Fari da ƙarancin ruwa na yau suna ƙara matse mutum da dabba da ƙuda ne a mashaya ɗaya.

Wani lokaci ma mutum da hannunsa yake gina wa ƙudan gida. A yankin Busoga na Yuganda, inda annobar farkon ƙarni na 20 ta kashe mutane kusan 250,000, ciwon ya dawo da ƙarfi daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da rikici ya sa aka yi watsi da gonakin kofi da auduga, wani baƙon tsiro mai sarƙaƙiya da ake kira lantana ya mamaye su har bayan gidaje, tsando ya samu inuwa nesa da kogi. A Kwaddibuwa an sare kurmi an dasa koko da kofi, ƙudan bakin rafi ya koma cikin gonakin, yana cizon 'yan ƙwadago a inda suke aiki. A gundumar Soroti ta Yuganda kuwa, ƙudan yana nan tun da, cutar ce ta iso a ƙarshen shekarun 1990 cikin jinin shanun da aka sayo daga kudu don mayar wa mutane garkunan da suka rasa.

Mai musu zai ce ai alƙaluma sun raba gardama. A 1998 an kai rahoton masu ciwon barci kusan 40,000 ga Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2009 suka sauko ƙasa da 10,000, a 2018 ƙasa da 1,000, kuma ƙasashe irin su Togo da Gana da Cadi an tabbatar sun kawar da shi a matsayin barazana ga lafiyar jama'a. Gaskiya ne, kuma babban aiki ne. Amma ba yanayi ya yi shi ba; ma'aikatan lafiya ne da suka bi ƙauyuka suna taɓa kaluluwar wuya suna gwada jini, da sababbin magunguna da suka maye gurbin tsohuwar allurar da ita kanta takan kashe wasu majinyata. An kuma taɓa zuwa wannan matsayi: a tsakiyar shekarun 1960 ciwon ya kusa ɓacewa, aka saki jiki, aka janye kuɗi, yaƙe-yaƙe suka biyo baya, ya dawo a Kongo da Angola da kudancin Sudan. Cutar da ta yi ƙaranci likita kan manta da ita, ya ga masassara da ciwon kai ya rubuta maganin maleriya.

Sannan waɗannan alƙaluma na mutane ne kawai. Sammore bai je ko'ina ba. Makiyayin da fari da ƙarancin burtali suka tura kudu yana shiga ƙasar tsando da fararen shanun da ba su da juriya irin ta shanun muturu, yana ganin saniya na ramewa, gashinta ya tashi, nono ya ƙafe, ta yi ɓari. Tsaunin Jos, wanda aka daɗe ana ɗauka tudun mun tsira ne ga shanu, bincike ya nuna sammore ya zauna a cikinsa. Magungunan da ake dogara da su, Berenil da Samorin, sun haura shekara hamsin a kasuwa, ƙwayar cutar ta fara jure musu a ƙasashe da dama, ga jabu, ga allurar da ake yi da ka ba tare da awon nauyin dabba ba. Wani nau'in ƙwayar ma ba ya buƙatar tsando: wasu ƙudaje masu cizon dabbobi suna ɗaukar sa a baki daga wannan saniya zuwa waccan, shi ya sa ya kafu a Kudancin Amurka inda babu tsando ko ɗaya.

Akwai kuma masu cewa to a koma dabarar Anchau, a sare kurmin a huta. Wannan sayen lafiya ne da tsada, domin kurmin nan shi ke riƙe gaɓar rafi, shi ke sa ruwa ya kai rani, kuma yanzu akwai hanya mai sauƙi. A yankin Mandoul na kudancin Cadi, daga 2014, an riƙa kafa 'yan ƙananan ƙyallaye masu launin shuɗi haɗe da baƙin raga mai magani a bakin ruwa. Launin yana jan ƙudan, ya taɓa ya mutu, kuma saboda jinkirin haihuwarsa yawansa ya faɗi da fiye da kashi 99 cikin ɗari. Haka ma fesa magani a ƙafafu da cikin shanu, inda ƙudan ya fi sauka. Sharaɗin duka shi ne a san inda ƙudan yake a bana, alhali taswirorin da ake aiki da su a wurare da yawa an zana su ne tun kafin gonaki da madatsun ruwa da zafi su sake fasalin ƙasar. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore da ke Kaduna, mai reshe a Vom, aikinta ke nan tun zamanin Turawa, kuma kafa tarkuna a rafuka a riƙa ƙirga abin da suka kama shekara bayan shekara bai kai tsadar garke ɗaya da sammore ya cinye ba.