Bokayen Mongol da Yaƙin Cin Duniya

Duk wanda ya karanta tawarihi, ya ga irin ta'adin da rundunonin Mongol, waɗanda malaman Larabci ke kira Tatar, suka yi wa Bukhara da Samarƙandu da Bagadaza, ba zai rasa tambayar kansa ba, shin wace aƙida ce ta ɗauko makiyayan dawaki daga fako mai tsananin sanyi, ta cusa musu cewa duniya baki ɗaya halaliyarsu ce? Jawabin yana ga abin da suke kira Tenggeri, wato shuɗin sama madawwami, wanda suka ƙudurce shi ke ƙaddara mulki, a ƙarƙashinsa kuma akwai iskokin duwatsu da na koguna da kurwar kakanni, waɗanda ba a ji daga gare su sai ta bakin boka. Boge suke ce da bokan, kusancin lafazin da namu kuwa dace ne kurum. Aikinsa ma ya fi kama da na ɗan bori, domin ganga yake kaɗawa har ya fita hayyacinsa, sa'an nan ya farfaɗo da saƙo.

A shekarar 1206, sa'ad da ƙabilu suka taru a bakin kogin Onon suka yi wa Temujin mubaya'a, aka naɗa shi Jangiz Khan, wani boka mai suna Kokochu, wanda ake yi wa laƙabi da Teb Tenggeri, kuma ake cewa tsirara yake ratsa dusar ƙanƙara, shi ne ya shelanta cewa sama ta mallaka wa Temujin da zuriyarsa doron ƙasa. To, amma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Da bokan ya ga fada ta karɓe shi, sai ya shiga haɗa sarki da ƙannensa husuma, har ya durƙusar da Temuge, autan cikinsu, don wulaƙanci. Uwargida Borte ta fargar da mijinta, aka sakar wa Temuge hannu, ya kira boka kokawa, suna fita daga hema ƙarti uku da aka ɓoye suka karya masa gadon baya, ba tare da ɗigon jini ya taɓa ƙasa ba, saboda a wurinsu rai a cikin jini yake.

Tun daga ranar bokaye suka koma barorin fada, sarki kuwa ya zama shi ke ganawa da sama da kansa. Da hakimin Otrar ya karkashe fataken Jangiz a 1218, masanin tarihi Juwaini ya ruwaito cewa Jangiz ya hau tudu shi kaɗai, kai ba hula, ya yi kwana uku yana ƙanƙan da kai, kafin ya sauko ya ɗaura yaƙi da daular Khawarizmu, wadda Otrar ke ƙarƙashinta.

A ganina, nan ne haɗarin aƙidar yake. Idan an riga an ba ka duniya, to ba ka da tsara a cikin sarakuna balle a yi sulhu. Ko dai mai biyayya, ko ɗan tawaye. Shi ya sa wasiƙar da Guyuk Khan, jikan Jangiz, ya aika wa Paparoma Innocent na Huɗu a 1246, wadda har yau take ajiye a Vatican cikin harshen Farisanci, ba ta nemi zumunci ba, umurni ta ba shi da ya zo da kansa ya yi caffa. Kowace nasara kuma sai ta zamo musu hujja sabuwa.

Duk da haka ba sa motsi sai da duba. Wiliyam na Rubruk, fadan kirista da ke fadar Mongke Khan a 1254, ya ga bara yana fitowa da allon kafaɗar tunkiya an ƙona shi baƙi ƙirin: in ƙashin ya tsage a miƙe, a zartar da niyya, in ya tsage a gicciye, a fasa. Malaman addinai kuwa, Musulmi da Nasara da mabiya Buda, an ɗauke musu haraji don su riƙa yi wa sarki addu'a, ko da yake Musulmi sun sha wuya a hannun Chagatai ɗan Jangiz, wanda ya tsananta hanin wanka a ruwa mai gudu da yanka dabba ta maƙogwaro.

Camfin nan na ƙin zubar da jini a ƙasa shi ya biyo su har Bagadaza a 1258, inda, a mafi shaharar ruwaya, Hulaku, jikan Jangiz, ya sa aka naɗe Halifa Musta'asim a cikin darduma, dawaki suka tattake shi.